Ranar da Aka Kwashe Hulunan Baba Modu

Shekara ashirin da shida Baba Modu ya yi yana wankin hula a gindin katanga ɗaya a tsakiyar Lafiya, kuma bai taɓa ba wani hular wani ba. Ba ya rubuta suna, ba ya manna takarda. Ma'aikata da 'yan kasuwa sukan miƙo masa huluna ta tagar mota ranar Litinin, su dawo Juma'a da hantsi su karɓa an wanke, an sa sitaci, an buge. Har daga Kwandere ana aiko masa. Mutane suna cewa Allah ya ba shi kai.

Kan yana nan, amma ba shi kaɗai ke aikin ba. Shekara huɗu ke nan da yanar ido ta kama shi. Yana ganin haske da inuwar mutum, amma ba ya bambance hular zanna da damanga. Ƙasar wurin ce ta rufa masa asiri. Gungumayen itacen da yake ɗora huluna su bushe suna jere layi shida, kowanne ya ci gurbinsa a ƙasa saboda daɗewa, kuma kowane mai hula yana da nasa gungumen. Da ya ji muryar mutum, ƙafarsa ta san hanya: layi na biyu, na huɗu daga bakin kwata. Hula ɗaya yake cirowa, ya wanke, ya mayar, sannan ya taɓa ta gaba. Matarsa kaɗai ya gaya wa. Ya san in magana ta fita, ba mai damƙa wa wanda ba ya gani hular da aka yi wata biyu ana ɗinkinta.

Bara aka gama wani bene mai shago ashirin da huɗu a tsallaken titi. Biyar kaɗai aka kama, domin masu sabbin shaguna sun fi son hanyar Jos, inda akwai wurin ajiye mota. Alhaji Sha'aibu, mai sayar da yadi kuma shugaban 'yan benen, ya lura cewa duk motar da ta tsaya a layin, wurin Baba Modu ta zo. Sai ya tsallako da kansa.

"Baba, mun ware maka gaban bene. Ga famfo, ga siminti, ga rana. Mai takalma da mai turare sun ce in ka dawo za su kama shago. Wanda ya zo karɓar hula ai zai leƙa ciki."

"Alhaji, tsohon icce ba ya son dashe."

"To ai nan ɗin ma share shi za a yi, motoci su samu wurin tsayawa. Gara ka tashi da darajarka."

Daga ranar tuwo ya daina wuce wa Baba Modu. Ya yi ta jan ƙafa har mako uku, daga baya ya roƙi a bar shi sai Asabar, lokacin da gungumayen ba komai a kansu, ya kwashe da hannunsa ya koyi sabon wurin a hankali. Alhaji Sha'aibu ya ce to.

Ranar Alhamis ya tafi sallar azahar, ya bar huluna hamsin da takwas suna shanya a hannun Mnena, 'yar Tibi mai sayar da lemu da ta daɗe tana zama kusa da shi. Da ya dawo ya miƙa ƙafa inda gungumen farko yake, ƙafar ta faɗa cikin rami. Ya matsa gaba, wani ramin. Ya dafa katanga.

"Baba, sun kwashe," in ji Mnena. "Na ce su bari, ba su ji ni ba."

Alhaji Sha'aibu ne ya kawo leburori da baro. Mai takalma da mai turare za su zo ganin cinkoson Juma'a, shi kuma a ganinsa ba a barin dattijo da dakon itace. Ya tari Baba Modu da fara'a, ya kama hannunsa ya tsallakar da shi.

"Dubi yadda suka jera maka, Baba. Farare gefe, shuɗɗa gefe. Kamar kanti."

Baba Modu ya ce Allah ya saka da alheri. Simintin sumul yake, ba gurbi, ba kwata, ba abin da ƙafa za ta kama. Ya tsuguna ya yi ta shafa huluna har la'asar sakaliya, yana yi kamar duba sitaci yake. Ya gane goma sha ɗaya, wata saboda faɗin bakinta, wata saboda zaren da ya warware. Sauran duk ɗaya suke a yatsunsa. Ya tuna wani mai wanki da aka taɓa kai wa gaban mai unguwa kan hula ɗaya.

Juma'a da safe Mnena ta ɗauko tirenta ta zauna gefensa.

"Baba, gaya musu kawai."

"In gaya musu me?"

"Ido. Ni na sani tun tuni. Sau nawa kana yi wa laima na sannu da aiki, ni ina can bayan gida?"

Bai yi dariya ba. "Wa kika gaya wa?"

"Ko mijina bai ji ba. Amma yau in ka ba Alhaji hulan wani, sunanka ɓarawo. Gara makaho."

Motar farko ta Malam Ashemi ce, tsohon jami'in ilimi, wanda ya fi shekara goma sha biyar yana kawo hula. Baba Modu ya miƙe, ƙafarsa ta nemi layi na uku, ba ta same shi ba. Ya tsaya.

"Malam, sauko ka ɗauki taka. Ba na gani."

Ya ji an buɗe ƙofar mota, ya ji takun takalmi yana bin layi.

"Tun yaushe, Baba?"

"Shekara huɗu."

"Shekara huɗu, kuma ba ka taɓa ba ni ta wani ba." Malam Ashemi ya sa masa wasu huluna biyu a hannu. "Waɗannan sai Juma'a mai zuwa."

Sau arba'in da wani abu ya maimaita maganar nan kafin a kira salla, kuma ba ta yi sauƙi ba ko sau ɗaya. Mutum biyu sun tafi da hular juna, sai Litinin aka warware. Mutum tara ba su sake dawowa ba. Alhaji Sha'aibu bai iya haɗa ido da shi ba, amma ya kawo magini ya sassaƙa gurabe a simintin, layi shida. Mai takalma ya kama shago, mai turare har yau yana shawara.

Malam Ashemi ya samo masa ranar aikin ido a asibiti. Katin yana aljihun Baba Modu, sau biyu yana ɗage ranar, domin wuƙa a ido ma abin tsoro ce. Yanzu in zai tafi azahar sai ya bi gungumayen da ƙafa ɗaya bayan ɗaya, in ya dawo ya sake bi, sannan ya zauna.