Godiyar Arzika a Lakwaja

Kakan kakana Arzika mutumin Shagari ne, bafatake mai sayar da jar fata, kuma duk zuriyarmu ba a yi mai taurin kai irinsa ba. Ni dai ina alfahari da shi, kowa ya ce abin da zai ce.

Tun Nasara ba su shigo Sakkwato ba yake kai fata har Lakwaja. A wata tafiya zazzaɓi ya kwantar da ƙanensa Maniru, har 'yan ayari sun fara maganar likkafani. Wani Bature mai sayen fata ya aiko da magani mai ɗaci, Maniru ya sha, ya tashi.

Tafintan Baturen ya ce zai isar masa da godiya. Arzika ya ce, "Godiya ba goro ta ba, balle a aika ta. A garinmu mutum da bakinai shika yin ta. Koya min kalmar."

Kalmar ita ce wadda yau muke cewa tankiyu. Tafinta ya ce haka ma ta yi, kowa a kasuwa haka yake faɗi. Amma Arzika ya yi karatun allo a Bodinga, wurin malamin da ba ya bari a wuce harafi sai an san inda yake fitowa a baki. Ya zauna gefen rumfa yana kallon bakin Baturen, har ya gane cewa sai an sa kan harshe tsakanin haƙora an hura iska.

Nan ne wahalar. Dattijo mai gemu ya fito da harshe a gaban jama'a? 'Yan ayari suka yi ta sheƙa dariya. "Arzika, mi as same ka? Ka koma akuya?" Shi kuwa yana bayan jakuna yana ta maimaitawa, ga ayari na shirin tashi.

Ranar tafiya ya sa babbar riga, ya naɗa rawani, ya tsaya gaban Baturen. Ya sa harshe inda ya kamata, ya faɗe ta tsaf, kowa na kallo. Baturen ya miƙe, ya cire hula, ya kama hannunsa. Ba wanda ya ƙara dariya.

Da suka dawo Shagari mutane suka yi ta roƙonsa ya faɗa su ji Turanci. Har ya rasu bai sake furta ta ba.

"Ba ta wasa ta ba," yakan ce. "Don ran Maniru niy yi ta."