Ƙwallo Mai Laushi Don Radoje

A shagon Velimir da ke Novi Sad, wata tsohuwa mai furfura tana matsa ƙwallayen tanis ɗaya bayan ɗaya, kamar mai zaɓen tumatir. Ta ture masu tauri, ta ɗauki mai laushi, irin ta yara 'yan koyo.

"Inna, jika ne ya fara wasa?" in ji Velimir.

"Wane jika? Mijina Radoje ne. Ɓarin jikinsa ya shanye."

Ta doka ƙwallon a ƙasa, ta cafe da hagu, ko dubawa ba ta yi ba. Na saki baki. Wannan hannun, na rantse, ya sha ɗaga kofin gasa.

"Dole ya iya maido mini da ita," ta ce. "In ya kasa yau, gobe ba zai fito ba."