Kujerar Madacin Babanmu

Babanmu kafinta ne a wata masaƙa a Bompai. Lokacin da naira ta fito ya ƙera wa kansa kujera da katakon madaci, ko ƙusa ɗaya bai sa mata ba. Da gangan ya rage tsayin hannunta na hagu, saboda kafaɗarsa ta taɓa gocewa, ba ya iya ɗaga ta sosai.

Bayan rasuwarsa ƙafar baya ta fara girgiɗi, sai na ɗora kujerar a kura na kai wa wani kafinta a Sharaɗa, kusa da inda nake aiki. Na ce masa, "Malam, ƙafar kawai za ku gyara."

Ranar da na koma sai da na wuce ta ban gane ta ba. Ya shafe ta da koren fenti, ya bubbuga mata ƙusoshi, ya ɗaga hannun hagun ya daidaita da na dama. Har yana washe baki yana cewa, "Wanda ya yi ta bai iya awo ba, na gyara maka."

Na ce, "Wa ya aike ka? Ubana ne ya yi ta, ko zartonsa ba ka isa ka riƙe ba!"

Sati uku ina kankare fentin da fasasshiyar kwalba kafin jan madacin ya fito. Hannun kam ya gagare ni. Innarmu ta dube ta sau ɗaya, ta ce wannan ba kujerar babanmu ba ce, in kai ta zaure.