Igiyar Shanyar Goggo Bilki

A Daudawa, idan aka ce wance ta cika ƙyanƙyami, sai wani ya ce, "Ai ba ta kai Goggo Bilki ba." Tun tana amarya ba ta shan ruwa da moɗar kowa. In an kawo mata tuwon suna sai ta yi godiya, ta juye wa kaji. Mijinta Malam Sanusi ya rasu ya bar mata ɗaki biyu da tsohon keken ɗinki, da shi take rufa wa kanta asiri: rigunan jarirai, facin zane, wani lokaci labulen amare.

Shekarar da ɓarayin daji suka tashi ƙauyukan da ke bayan Tafoki, mata da yara suka cika wani kango da ke jingine da katangarta. Kangon na Alhaji Yahuza ne, ƙanen mijinta, wanda ya fara gini ya tsaya a linta. Goggo ta aika musu da gero da gishiri, amma ƙafarta ba ta taka wurin ba.

Sai wari ya fara tsallako katanga. Ba warin masai ba ne, wannan ta san shi. Wani ƙarni ne mai nauyi, kamar na mahauta da la'asar. Ta yi turaren wuta, a banza. Ranar da ƙudaje suka sauka a kan kokonta, ta yafa mayafi ta zagaya da niyyar yin faɗa.

A kusurwar kangon ta tarar da wata mata zaune a kan buhun taki, ta haɗe ƙafafu, ba ta ko tashi gaisuwa ba. Sunanta Amatullah, uwar 'ya'ya huɗu.

"Ke ɗiyar nan, ba ku shara ne? Mi ke wari haka?"

Amatullah ta sunkuyar da kai. "Ni ce, Goggo. Al'ada nike."

"To ba ki da ƙunzugu?"

"Da zanen jikina na fito. In na yage shi, mi zan ɗaura?"

Goggo ta bi gefen buhun da kallo. Guntayen soson katifa ne a tare, sun yi baƙi, ƙudaje sun lulluɓe su. Amatullah ta ce a juji yara suka tsinto katifar, matan kangon suka yayyanka suka raba. In ya jiƙe a matse, a mayar, don babu sabulu, ruwan ma sai an roƙa. Ta ce cinyoyinta sun saluɓe, shi ya sa ba ta iya tafiya.

Goggo ba ta kai gida ba sai da ta amayar da kokon da ta sha a gindin katanga. Ta yi wanka, ta sake yin wani. Duk da haka abin ya ƙi barin hancinta. Da ta tuna katifar juji, wadda wa ya san wanda ya mutu a kanta, ko karen da ya kwana a kai, sai ta tashi ta sake wanke hannu.

Da azahar ta zazzage buhun ƙyallayen da take tarawa. Ta yanka tsohon tawul ɗin Malam, ta ninka shi cikin atamfa mai laushi, ta yi masa igiya ta ɗaurawa a ƙugu, tunda yawancin matan kangon ko kamfai ba su da shi. Ta tafasa, ta shanya, ta kai wa Amatullah da sabulu da man shafawa. Daga bakin ƙofa ta miƙa.

Washegari Amatullah ta zo da kanta, tana tafiya a tale.

"Allah shi saka, Goggo. Amma yana zuba."

Ran Goggo ya sosu, don ba a saba kushe ɗinkinta ba. Ta gwada sa leda a ƙasa, matan suka ce tana ƙara in suna tafiya, ga zafi. Sai wata rana ta ga karyayyar lema a bayan shagon mai gyara, ta tsaya tana kallon yadda ruwa ya kwanta a kan yadin bai ratsa ba. Tun daga nan duk lemar da ta mutu a unguwar gidanta take ƙarewa. Ta wanke ta da ruwan zafi, tana yi tana tsaki, ta feɗe yadin ta sa a ƙasan tawul.

Labari ya bazu cikin mata. 'Yan gudun hijirar da ke Ƙanƙara suka aiko ta hannun wata mai sayar da daddawa. Wata ungozoma daga Sabuwa ta zo ta karɓi cikin leda guda. Goggo ba ta taɓa cewa a biya ba, sai dai ta ce duk mai tsohon tawul ko zanen gado ta kawo, amma a wanke tukuna.

Ba a daɗe ba wata yarinya ta dawo mata da guda biyu, wai suna sa ta ƙaiƙayi. Goggo ta buɗe ledar da tsinke. Sun yi funfuna, kore da baƙi, suna tashin tsami.

"Ina kike shanya su?"

"Ƙarƙashin tabarma, Goggo. Kangon ba ƙofa, maza na wucewa."

"Ƙarƙashin tabarma! Da danshinsu?"

Ta jefa su a murhu. A ranar ta ɗaura igiya a bayan ɗakinta, inda rana ke duka tun hantsi, ta ce kowace ta wanke nata a can, ta zagayo ta shanya a nan. Ita ba ta taɓawa. In iska ta kayar da wani, da sanda take ɗagawa.

Alhaji Yahuza ya hango igiyar daga saman gininsa. Ya shigo ba sallamar kirki, bakinsa jajir da goro.

"Bilki, wace irin ƙazanta ce wagga a gidan yayana? Tsummokaran jinin mata a sarari, kamar tutar biki?"

Yana magana yana tsartar da yawun goro a tsakar gidan da ta share. Goggo ta kalli jan yawun a ƙasa, ta kalli igiyar, inda komai ya sha sabulu ya bushe ƙayau.

"Alhaji, ƙazanta na cikin kangonka. Mata sun fi ashirin ba ka haƙa masu ko ramin masai ba. Ka taɓa shiga ka shaƙa?"

"Ni na ba su wurin kwana!"

"Allah shi ba ka lada. Ka kuma daina tofa mani yawu a gida."

Ya fita yana cewa zai kai ta gaban mai unguwa. Bai kai ba, bai kuma haƙa ramin ba. Goggo ta ɗebo toka ta rufe yawun, ta kwashe da ƙasar wurin gaba ɗaya. Ta sa aka kewaye igiyar da zana, ba don shi ba, sai don ta lura matan sun fara jin nauyin zuwa.

Da damina ta tsaya Amatullah ta bi danginta Sabuwa. Kafin ta tafi Goggo ta yanka mata samfuri a jikin kwali, ta ba ta allurai da zare. A can take ɗinka wa matan unguwarsu da hannu. Ta taɓa aiko da guda ɗaya don a gani. Goggo ta juya shi, ta ja bakin ɗinkin da farce, ta ce wa 'yar aiken, "Ki ce mata layin ya karkace. Amma ba zai zuba ba."

Kangon bai taɓa zama fayau ba. Wasu na tafiya, wasu na zuwa da zanen jikinsu kawai. Idon Goggo ya fara rauni, sai wata daga cikin matan ta zura mata zare, bayan ta wanke hannu a gabanta.