Gyaɗa Huɗu Tsakanin Mariam da Affan

"Kin je dubiyar Madam Mariam?"

"Na je mana. Ta taga ta amsa gaisuwa, wai kar in matso. Kunun da na kai ma cewa ta yi in ajiye a ƙasa."

"Oh ni! 'Yan boko har ciwonsu daban ne."

Mariam tana jin matan maƙwabta suna wannan hira, don katako ne kawai tsakanin ɗakinta da lungu. A lungun nan na unguwar New Bell aka haife ta, nan ta yi aure, nan take hawa babur kullum zuwa makarantar da take koyar da kimiyya a Bonabéri. Wake da gyaɗa take zubewa a tebur don nuna wa ɗalibai abin da ke cikin ƙwayar zarra, wake proton, gyaɗa neutron.

Takan ce musu, "Sinadarin aidin da ke cikin gishirinku, in an haɗa wake da gyaɗarsa, 127 ne. Wake 53. Gyaɗa nawa?"

"Soixante-quatorze, Madame!" su amsa da Faransanci, wato 74.

Wanda ya saci gyaɗa ɗaya ya jefa a baki, sai ta ce ya ɓata mata isotope, wato ya sauya irin aidin ɗin, ya je ya tsaya a bayan aji.

Bana maƙoƙo ya kama ta, magani ya ƙi ci. Likita a Yaoundé ya ba ta ƙwaya ɗaya ta aidin 131. Kafin ta haɗiye ta yi lissafin a zuci: wake 53, gyaɗa 78. Huɗu kacal suka ƙaru. Su ke sa aidin ɗin fitar da wani haske da ido ba ya gani, ya ƙone ciwon, amma yana iya lahanta wuyan ƙaramin yaro. Dole aka yaye ɗanta Affan. Ba ɗauka, ba goyo, sai abin ya ragu a jikinta.

Yanzu ga Affan a tsakar gida a hannun ubansa Awalu. Yaron ya ture koko, muryarsa ta dushe, yana miƙa hannu wajen ƙofarta.

"Ki karɓe shi ko na ɗan lokaci ne," in ji Awalu. "Wa zai sani?"

"Ni zan sani."

Yaron ya ji muryarta, ya ƙara tsala ihu. Ta ga hannunta ya riga ya kama sakata. Ta janye shi, ta zauna a kansa.

"Baban Affan, don Allah ka kai shi gidan Yayata a unguwar Sodiko. In ya sake kuka zan buɗe ƙofar nan."