Ni Na Ba Su Ashanar

Jama'a, yau da hannuna na taimaka aka ƙone wa bawan Allah abincin shekara!

Da hantsi ɗaliban jami'a suka shigo unguwarmu aikin sa kai, da tsintsiya da shebur. Rukayya ɗiyar yayata ce shugabarsu. Wai malaminsu ya ce a hidimar jama'a ake koyon shugabanci. Na ji daɗi, har kunu na dama musu. Can Rukayya ta leƙo: "Inna, ara mana ashana, mun tara shara." Na miƙa, ban tambaya ba!

Jim kaɗan na ji warin hayaƙi wani iri. Na zari hijabi na fita. Innalillahi! Tulin takin maƙwabcinmu Baffa Sambo ne ke ci da wuta! Tun farkon rani tsohon nan yake tara kashin shanu, zai kai gonarshi ta Lafani kafin ruwa ya sauka.

Sai ga shi daga kasuwa. Ya dafa sanda. "Mi kunka ƙone?"

Wani ɗalibi ya ce, "Ƙazanta ce Baba, tana kawo cuta."

Baffa ya ce, "Da ƙazantar nan jikokina ke cin tuwo. Duk karatunku ba mai yin sallama ya tambaya?"

Rukayya ta fashe da kuka. Muka yi ta kwarara ruwa, amma ina, rabi ya zama toka.

Baffa ya juyo gare ni: "Ɗiyata, su baƙi ne, ba su sani ba. Amma wa ya ba su wuta?"

Wallahi tun muna kwarara ruwa Rukayya ta maido mini kayana. Kwalin ashanar yana cikin hijabina!