Harouna Mai Fenti da Dodon Laka

Duk amalanken da ka gani a kasuwar Dungas da koren tsuntsu a gefensa, aikin Harouna ne. A Kwaya aka haife shi. Ya ɗan taɓa lakwal, wato boko, mushe malaminsu ya gaji da zanen da yake cika allo da shi, shi ma ya gaji da mushe, suka rabu salin-alin. Ya tsallaka Kano wurin kawunsa ya koyi fentin manyan motoci, ya dawo gida da sana'a da tari. Yanzu ya haura hamsin, yana shafa wa ƙofofin butik, wato shaguna, da tankunan moto launi. Bai yi kuɗi ba, bai kuma taɓa kwana da yunwa ba.

Wata rana ya je fentin gidan wani ɗan kasuwa a Magarya, ya tarar da samarin gidan sun kewaye tebur, a gabansu ƴan mutanen roba da ba su wuce babban yatsa ba. Ya tsaya da burushi a hannu har fenti ya ɗiga masa a ƙafa. Abin da ya kama ransa shi ne babu mai cin wani a wasan. Abokin gaba ɗaya suka sa a gaba, ko su tsira tare ko su faɗi tare.

Bai nemi na roba ba, tafki ya nufa ya ɗebo laka. Ya murza maharbi da maƙeri da mai magani da ɗan dambe, ya gasa su a murhun matarsa Ɗela, ya zaunar da kowanne a kan marfin kwalba, ya bi su da ragowar fentin mota. Ido da baki kam bai yi musu ba, don kada liman ya sami abin faɗa. A kan kwali ya zana gari da daji da rijiya. Dodo, abokin gabar tasu, shi ma na laka ne, ƙwayar lido ke tafiyar da shi, in ya isa rijiya to an ci kowa da kowa. Kafin kaka mutanen nan sun cika faifai biyu. Ɗela ta ce ba ta taɓa ganin mai furfura ya koma wasan ƙasa ba sai a gidanta.

Ba don kansa ya yi ba, don mahaifinsa ne. Malam Habu shi ne gwanin dara na Kwaya, har daga Bande ake zuwa ya kayar da mutum a koma. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, hannun dama ya mutu, harshe ya yi nauyi, sai Harouna ya ɗauko shi ya dawo da shi Dungas. Sau ɗaya aka haƙa masa dara. Abokin wasan ya sassauta masa ƙiri-ƙiri, tsoho ya watsar da tsinkayen, ya ja ƙafa ya shige ɗaki. Daga ranar ko rumfa ya daina fitowa. Harouna ya tsorata ƙwarai, don ya sha ganin tsofaffin da ɗaki ya cinye tun ciwo bai cinye su ba.

Dabarar ta fara kyau. Ran Juma'a bayan la'asar tsoho ya fito, ya ɗauki maharbi da hannun hagu. Harouna ya ɗauki maƙeri, ƙanensa Abdu mai kabu-kabu ya ɗauki ɗan dambe. Ɗela ba ta zama gaban suruki, daga bakin madafa take leƙe.

Sai dai wasan na shawara ne, Harouna kuwa tun da aka haife shi bai taɓa ce wa ubansa a'a ba. Malam Habu zai ce a tare Dodo a bakin daji, Harouna yana ganin hanya a buɗe ta baya, ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba." Abdu ma ya ce to. Dodo ya zagaye su ya sha ruwansa. Haka aka yi ta yi, Dodon laka ya zama kamar mai rijiyar.

Wata Juma'a tsoho ya ɗauki maharbinsa da gangan ya ajiye shi a gaban Dodo, inda ko makaho ba zai kai shi ba. Ya dubi ƴaƴansa.

"To, Baba," in ji Harouna.

"Kun gani, kuka yi shiru," tsoho ya ce, kalma na fita da ƙyar. "Ashe lallashi ne. Ku kwashe kayanku."

Ɗaki ya sake haɗiye shi. Harouna ya rasa inda zai sa kansa, ladabin da ya yi tinƙaho da shi duk rayuwarsa shi ne ya mayar da ubansa ciki.

Ana cikin haka ƴarsa Surayya ta zo hutu daga Damagaram, inda take karatun ungozoma. Tsakanin jika da kaka babu kunya, sai wasa. Ta tsaya a bakin ƙofar tsoho ta ce, "Angona, an ce Dodon laka ya kora ka ɗaki. Ni dai ba na auren matsoraci, ka ba ni takardata."

Ya fito yana zaginta, aka baje wasa. Da ya ce a tare a bakin daji, ta riƙe hannunsa ta ce, "Tsoho, wannan dabarar ta ruɓe. Nan ba dara ba ce, wa ka bar wa rijiya?" Ya ce ƙarya take. Ta ce ya kawo hujja. Ya shiga kokawa da harshensa, gumi na keto masa, ya yi maganar da ta fi duk wadda ya yi tun da ya kwanta. An ci su ranar ma, amma ana kiran magariba yana nan a rumfa yana neman a sake.

Hutu ya ƙare, Surayya ta koma makaranta. Juma'a ta zo, tsoho ya fito yana waige-waige, babu kowa sai ƴaƴansa biyu. Ya ɗauki maharbi ya nufi bakin daji da shi. Abdu ya buɗe baki zai ce to. Harouna ya riga shi, idonsa a kan tabarma.

"Baba," ya ce, "ba nan ba."

Malam Habu ya daɗe yana kallon furfurar ɗansa. Sai ya gyara zama, ya mayar da maharbin inda yake.

"To, ɗago kanka," ya ce. "Faɗa mini dalili."